Sunaye da Yawa, Mai Gida Ɗaya: Nazarin Haɗewar Kamfanonin Kayan Busa na Tagulla da Abin da Ya Iso Gombe

Duk wanda ya taɓa zuwa filin wasa na Pantami a ranar 1 ga Oktoba, ko ranar yara ta 27 ga Mayu, ya san fareti ba ya armashi sai 'yan badujala sun ɗaga ƙahoninsu. 'Yan sanda suna da tasu badujalar, sojoji suna da tasu, haka masu yi wa ƙasa hidima da wasu makarantun sakandare, sannan ga ƙungiyoyin Boys' Brigade na majami'u, waɗanda suka yi ƙarfi a wajajen Billiri da Kaltungo. Kayan busar da duk waɗannan ke riƙewa, daga begila da turamfet zuwa turombon da tuba, daga ƙetare ake shigo da su, kuma mai saye a nan ba shi da abin dogaro sai sunan da aka zana a faffaɗan bakin ƙahon. Wannan nazari ya ɗauki lamari ɗaya, wato yadda aka tattara tsofaffin masana'antun kayan busa na Amurka a ƙarƙashin kamfanin Conn-Selmer, ya bi diddigin abin da hakan ya jawo wa ƙananan maƙera, sannan ya duba yadda abin ya gangaro har teburin mai gyara a Gombe. Abin da na gani shi ne, haɗewar ta tsare sunaye da kyau, amma ta tarwatsa hannayen da suka yi wa sunayen daraja, kuma mai saye na nesa irinmu shi ne na ƙarshe da labari yake isa kunnensa.

Garin da ya haifi masana'antu

Elkhart ƙaramin birni ne a jihar Indiana ta Amurka. A tsakiyar shekarun 1870 wani mai busa konet (ƙaho mai kama da turamfet), Charles Gerard Conn, ya ji rauni a leɓe, sai ya ƙera wa kansa bakin busa mai zagayen roba domin ya rage masa zafi. Abokan sana'a suka gani suka nema, ya fara sayarwa, daga nan ya tsunduma cikin ƙera ƙahon gaba ɗaya. Masana'antarsa ta zama makaranta ba tare da kowa ya shirya hakan ba. Gus Buescher ya bar wurin Conn ya buɗe tasa a 1894, 'yan gidan Martin da su ma suka yi aiki a can suka kafa tasu a farkon ƙarni na 20, Emil Blessing kuma ya biyo baya a 1906, duk a cikin gari ɗaya. Irin wannan ya faru a wasu wuraren. Frank Holton ya kwashe masana'antarsa daga Chicago zuwa Elkhorn a jihar Wisconsin a 1918, kuma daga cikin manyan ma'aikatansa ne T. J. Getzen ya fito ya buɗe tasa a wannan garin a 1939. A Cleveland akwai kamfanin H. N. White mai ƙera kayan King, wanda aka kafa a 1893, a New York kuma Vincent Bach ya fara da bakin busa a 1918 kafin ya shiga ƙera turamfet.

Dalilin da ya sa babbar masana'anta take haifar ƙanana yana cikin yanayin aikin kansa, don haka ya dace a ɗan tsaya a kansa. Tagullar da aka fi amfani da ita gami ce ta jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, akwai kuma mai jan ƙarfe kashi 85 wadda ta fi ja, sautinta ya fi taushi. Faffaɗan bakin ƙaho na ƙwarai daga falle ake yanko shi, a naɗe, a like gaɓar da wuta, a yi ta bugu da guduma, sannan a ɗora shi a kan sandar ƙira ta ƙarfe mai siffar bakin, inji yana juya shi, maƙeri yana danna shi da ƙarfe mai santsi har ya kwanta. Tsakanin bugu da bugu sai an gasa tagullar don kada ta yi tauri ta tsage. Bututun da za a lanƙwasa kuwa sai an cika shi da ƙaro ko daskararren ruwan sabulu don kada ya lotse. Mafi wuya shi ne bawul, wato abin da mai busa ke dannawa da yatsa don sauya sauti, domin fistin da ke cikinsa da gidansa dole su dace da juna har iska ta kasa tsiyaya, amma fistin ya riƙa sauka da tashi ba tare da ya cije ba, kuma da hannu ake goga su a juna har su saba. Mutumin da ya shekara ashirin yana juya bakin ƙaho yana jin kaurin tagulla a tafin hannunsa, kuma wannan ilimi ba ya shiga takardar ciniki. Idan irin wannan mutum ya tara ɗan jari, ya sami sandunan ƙira, ya riga ya zama masana'anta.

Shekarun saye da sayarwa

Tattarawar ta fara ne a hankali. Kamfanin Selmer na Amurka, wanda daban yake da Henri Selmer na Paris ko da yake asalinsu ɗaya, ya sayi Bach a 1961, ya maido da aikin Elkhart, sannan ya sayi Buescher a 1963. Kamfanin Leblanc na Kenosha ya sayi Holton a 1964, ya ƙara da Martin a 1971. Babbar girgizar ita ce ta 1969, lokacin da aka sayar da Conn ga Crowell-Collier Macmillan, kamfanin da sana'arsa buga littattafai ce. Sababbin masu gidan suka kwashe aikin tagulla daga Elkhart zuwa Abilene a jihar Texas, inda ƙwadago ya fi araha, suka bar mafi yawan ƙwararrun a baya. Injuna sun isa Texas lafiya, zane-zanen ƙira sun isa, suna ma ya isa. Amma har yau masu busa suna bambanta Conn na Elkhart da Conn na Abilene, kuma tsohon ƙahon Conn samfurin 8D ko turombon samfurin 88H da aka ƙera kafin ƙaurar yana da farashinsa na musamman a kasuwar gwanjo. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a duk lamarin, domin mutanen da ke kashe kuɗinsu ne suka yanke hukuncin, ba masu sharhi ba.

Daga nan Conn ya yi ta sauya hannu. Daniel Henkin ya saye shi a 1980, wani kamfanin zuba jari na Suwidin, Skåne Gripen, ya karɓa a 1985, aka haɗa Conn da King da Benge da Armstrong da Artley a ƙarƙashin United Musical Instruments a 1986, aka rufe Abilene, aikin tagulla ya koma masana'antar King da ke Eastlake a jihar Ohio. A ɗaya ɓangaren Selmer ya haɗu da Steinway mai ƙera piyano a 1995. Wannan sabon gida, mai suna Steinway Musical Instruments, shi ne ya sayi United Musical Instruments a 2000, ya narkar da su wuri ɗaya da sunan Conn-Selmer a 2003, sannan ya sayi Leblanc a 2004, abin da ya kawo Holton da Martin cikin gidan. Kamfanonin da suka shafe kusan ƙarni guda suna gasa da juna, kowanne yana ƙoƙarin ƙwace wa ɗan'uwansa mabusa, sun wayi gari a littafin lissafi ɗaya.

Abin da ya biyo baya ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san kasuwanci. Mai gida ɗaya ba ya bukatar masana'antu uku masu ƙera turamfet, ba ya kuma bukatar sunaye biyar suna cin kasuwar juna. An rufe masana'antar Holton ta Elkhorn a 2008, bayan shekara 90 tana aiki a garin, aka mayar da abin da ya rage Eastlake. Sunayen Buescher da Martin da Benge suka dusashe daga sababbin kaya ɗaya bayan ɗaya. A watan Afrilu na 2006 ma'aikatan masana'antar Bach ta Elkhart, kimanin mutum 230, suka shiga yajin aiki a kan rage albashi, kamfani ya ɗauki wasu a madadinsu, yajin ya ja har 2009, inda ya ƙare da rushewar reshen ƙungiyar ƙwadagon a masana'antar. Da yawa daga cikin waɗanda suka fita ba su sake komawa bakin injin ba. A 2013 kuma kamfanin zuba jari na John Paulson ya sayi Steinway Musical Instruments baki ɗaya a kan kusan dala miliyan 512, Conn-Selmer yana ciki.

Turai ta bi irin wannan hanya, kuma ta fi shafarmu saboda tsofaffin kayan badujala na ƙasashen da Ingila ta mulka galibi daga Landan suka zo. Boosey & Hawkes ya mallaki Besson na Ingila a 1948, ya rufe masana'antarsa ta Edgware a 2001, ya sayar da sashen kayan kiɗa a 2003. Bayan Besson ya durƙushe, Buffet Crampon na Faransa ya sayi sunan a 2006 tare da Antoine Courtois, ƙirar manyan kayan Besson ta koma Markneukirchen a Jamus, sannan Buffet ya sayi rukunin B&S na wannan garin a 2012, wanda ya ƙunshi Hans Hoyer da Melton Meinl Weston da J. Scherzer.

Mu a Gombe mun san sauyin mai gida. Simintin Ashaka ya fara da Blue Circle na Ingila, ya shiga hannun Lafarge na Faransa a 2001, Lafarge ya haɗu da Holcim a 2015, amma masana'antar tana nan a Funakaye, domin dutsen da ake sarrafawa yana ƙarƙashin ƙasar wurin, ba ya ɗaukuwa. Masana'antar ƙaho ba ta da irin wannan turke. Sandunan ƙira suna shiga kwantena, sunan kuma ba shi da nauyi ko kaɗan, shi ya sa a wannan sana'a sauyin mai gida yake yawan zama ƙaura.

Ta inda ƙananan maƙera suke jin jiki

Mutum zai zaci cewa idan manya suka haɗe, suka rage sunaye, fili ya buɗe wa ƙanana. Akwai gaskiya kaɗan a nan, zan zo kanta. Amma matsin ya fi yawa, kuma mafi tsananinsa yana wurin dila ne. A Amurka ginshiƙin cinikin kayan busa shi ne badujalar makarantu, inda yara da yawa suke fara koyo kowace shekara, iyaye kuma haya suke karɓa daga shagon dila maimakon saye. Dilan da ke hulɗa da makarantu yana bukatar komai a lokaci ɗaya, sarewa da turamfet da turombon da tuba da ganguna, yana bukatar bashi na watanni kafin ya biya, yana bukatar rangwame idan ya ɗauki da yawa. Kamfanin da ke da sunaye da yawa a aljihu ɗaya, har da gangunan Ludwig, shi ne zai iya ba shi duk wannan a takarda ɗaya. Maƙerin da turombon kaɗai yake yi, ko da nasa ya fi kyau, sai ya roƙi ɗan lungu a shagon, kuma dila ba zai ɓata da babban mai ba shi kaya saboda shi ba. Ba a kayar da ƙaramin a gasar inganci ba, hanyar da zai bi ya isa ga mai saye ce ta ƙuntata.

Sai kuma farashi. Kayan 'yan koyo su ne ke biyan kuɗin wuta da haya da albashi a masana'anta, su ne ke ba sabon ma'aikaci abin da zai koyi aiki a kansa kafin a amince masa ya taɓa na ƙwararru. Wannan kasuwa ta fara kuɓucewa tun da Yamaha na Japan ya shiga ƙera kayan busa a tsakiyar shekarun 1960, da shawarar Renold Schilke na Chicago, sannan Jupiter na Taiwan ya biyo, daga baya masana'antun Sin irin su Jinbao na Tianjin suka zo da farashin da babu maƙerin Amurka ko Turai da zai iya tunkara. Babban kamfani yana da mafita, domin zai iya ba da kwangilar kayan 'yan koyo a Asiya, a zana sunansa, ya ci gaba da cin riba. Ƙarami ba shi da yawan odar da za ta sa a saurare shi a can, ba shi kuma da ƙarfin da zai sauke farashi a gida. Matsakaicin kaya, wanda ba na alfarma ba ne kuma ba na banza ba, shi ne ya fi shan wahala, alhali shi ne irin kayan da badujalar makaranta ko ta majami'a take bukata.

Labarin Kanstul ya nuna wata illa da ba a cika lura da ita ba. Zigmant Kanstul ya koyi aiki a kamfanin F. E. Olds na California, wanda aka rufe a 1979, ya buɗe tasa masana'antar a 1981, ta zauna a Anaheim. Ban da kayan da ke ɗauke da sunansa, ya riƙa ƙera wa wasu ƙaho da sassan ƙaho suna sa nasu sunan. Ya rasu a 2016, masana'antar ta rufe a 2019, kamfanin B.A.C. na Kansas City ya sayi kayan aikin. Rufewar irin wannan wuri ba ta tsaya a kan ma'aikatansa ba. Maƙeri mai aiki shi kaɗai ko da yara biyu ba ya iya ƙera bawul da kansa, saye yake yi, kuma duk lokacin da matsakaiciyar masana'anta ta faɗi ko aka haɗiye ta, wuraren da zai saya suna raguwa, wani lokaci ma ya koma yana saye a hannun abokin gasarsa.

S. E. Shires kuwa ya bi ta wata ƙofar. Steve Shires ya kafa shi a 1995 a jihar Massachusetts, turombon ɗinsa ya yi suna a wurin ƙwararru, amma bashi ya durƙusar da shi, kamfanin Eastman mai masana'antu a Sin ya saye shi a 2014. Aikin Massachusetts bai mutu ba, sai dai an ƙara jerin kaya masu sauƙin kuɗi da sunan Shires waɗanda ake ƙerawa a Sin. Blessing, wanda ya shekara fiye da ɗari a hannun iyali ɗaya, an sayar da shi a 2009, aka sake sayarwa a 2015.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Da Buffet bai sayi Besson ba, da sunan ya bi Olds na asali, kuma masu busa da yawa sun yaba da kayan da ke fitowa daga Markneukirchen. Da Eastman bai zo ba, da ma'aikatan Shires sun watse. Yawancin waɗanda aka saya sun riga sun jigata kafin mai saye ya iso. Akwai kuma waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu. Getzen ya fita daga hannun iyali a 1960, ya durƙushe a 1991, jikokin wanda ya kafa shi suka sake saye, yana nan a Elkhorn har yau, kuma abin da ya taimaka musu shi ne suna da wata sana'ar ta gyara da sayar da kayan gyara wadda ba ta dogara da shagon dila ba. Schilke yana nan a yankin Chicago. David Monette na Portland yana ƙera turamfet ɗaya bayan ɗaya bisa odar mai shi, fitaccen mai busa turamfet Wynton Marsalis yana cikin masu busa kayansa. Amma a lura da inda waɗannan suka fake. Mafi yawansu sun hau can sama ne, wurin ƙwararren da zai biya dubban daloli ya kuma jira watanni. Wannan mafaka ce ta gaske, sai dai ƙarama ce, kuma ba ta ɗaukar sababbin ma'aikata da yawan da tsohon Conn yake ɗauka. Irin makarantar da ta haifi Buescher da Martin da Getzen da Kanstul ita ce ta tsuke, kuma wannan ne ya fi damuna a duk lamarin.

Abin da ya iso hannun 'yan badujala a nan

Wata ƙungiyar matasa ta majami'a a kudancin Gombe ta gaji tsofaffin kayan busa daga iyayenta: konet masu sunan Besson da adireshin Landan, turombon mai sunan Conn da Elkhart a jikinsa, da yufoniyam (ƙaho mai kama da ƙaramar tuba) wanda ya sha faci har an daina ƙirga. Azurfar jikinsu ta goge, sun lotse nan da can, amma suna busuwa. Da aka yi gudummawa don a ƙara kaya, dattawan kwamitin suka ce a nemo irin waɗannan sunaye, tunda sun ga amfaninsu. Tunani ne mai kyau, sai dai duniyar da ya dogara a kanta ta riga ta sauya. Sabon Besson na ƙwarai daga Jamus yake fitowa, da kuɗin Turai ake sayensa, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuɗin ƙaho ɗaya ya fi ƙarfin abin da aka tara gaba ɗaya. Matsakaicin kaya daga ƙaramin maƙeri, wanda a da zai cike wannan gurbi, babu dilan da ke kawo shi Legas ko Anaca, balle Jos ko Gombe. Abin da ke cikin shaguna kayan Sin ne da na Indiya, inda garin Meerut ya daɗe yana ƙera wa 'yan badujalar bikin aure, wasu da sunan da mai shigo da kaya ya zaɓa aka zana masa, wasu kuma da sunan fitaccen kamfani wanda bai san da zamansu ba.

Ba duk kayan Sin ne marasa kyau ba, kuma rashin adalci ne a ce haka, tunda masana'antun da ke yi wa manyan sunaye kwangila su ma a can suke. Matsalar ita ce masana'anta ɗaya tana iya fitar da mai kyau da na banza gwargwadon abin da mai oda ya biya, kuma daga waje duka biyun ƙyalli suke yi. Kwamitin ya sayi sababbi gwargwadon ƙarfinsa. Wasu sun yi aiki. Wasu kuwa da hunturu ya shigo, ƙura ta sami hanya, bawul ya fara cijewa, rufin fistin ya fara ɓarewa, kuma yara da ba su da man bawul suka riƙa ɗiga man keken ɗinki, wanda ya yi kauri, ya ƙara riƙe ƙura.

Wanda ake kai wa gyara mai gyaran lagireton mota ne, domin shi ne ya saba da tagulla da dalma da wuta mai sauƙi. Na ga yadda yake yi. Yakan shimfiɗa tsumma a cinya, ya kwantar da ƙahon, ya kankare wurin da tokarin ya ɓalle har tagulla ta fito fes, ya ɗaure da siririyar waya, ya kawo wuta daga gefe yana jira dalma ta bi gaɓar da kanta. Abin toshe ƙofar fitar da ruwa idan ya ruɓe, daga tsohon silifa yake yanko madadinsa. Lotsewa kuma yakan tura ta daga ciki da sandar ƙarfe mai dunƙulen kai wadda ya ƙera da kansa. Bayaninsa a kan bambancin tsofaffi da sababbi ya fi na kowa tsabta. Ya ce tsofaffin suna karɓar wuta, ana iya kwance su a sake ɗaurawa, tagullarsu tana da kauri daidai ko'ina, amma wasu sababbin da zarar ya ɗumama gaɓa ɗaya sai ta kusa da ita ta saki, wani wurin kuma sirantarsa ba ta jure guduma. Inda hannunsa yake tsayawa shi ne fistin. Idan ya cinye ko ya lanƙwashe, babu abin da zai yi, domin fistin wannan ƙaho ba ya shiga gidan wancan, sunan da ke jikin sabon ba shi da ofishin da za a rubuta wa, tsohon Besson kuma masana'antar Edgware da ta ƙera shi an rufe ta tun 2001. Daga ƙarshe kwamitin ya tsai da shawarar cewa kuɗin da za a sake tarawa a raba shi biyu, rabi a gyara tsofaffin, rabi a nemi na hannu masu asali, kuma ba za a sake sayen ƙaho ba sai wanda ya iya busa ya gwada bawul ɗinsa a gaban mai shago. Na goyi bayan wannan shawara. Zan ƙara da cewa kwalejojin fasaha na jihohin Gombe da Bauchi, waɗanda suke koyar da walda da aikin ƙarfe, za su iya sa gyaran kayan busa a cikin abin da suke koyarwa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, domin 'yan sanda da sojoji da makarantu duk suna da ƙahonin da ke jibge a sito saboda ƙaramar matsala.

Maƙerin kakaki

Akwai maƙerin kayan busa na ƙarfe ɗaya a ƙasar nan wanda duk wannan haɗewa ba ta taɓa shi ba, shi ne mai ƙera kakaki. Kakaki dogon ƙaho ne da ya wuce mita biyu, gaɓa-gaɓa ne ana harhaɗawa, ba shi da bawul, kuma maƙeran fari ne suke yin sa da fallen tagulla ko na gwangwani, su naɗe, su like. Na sarauta ne, ba a busa wa kowa, shi ya sa ake jin sa a ƙofar fadar Sarkin Gombe da ta Sarkin Bauchi, da ranar hawan salla idan sarki ya fito. Maƙerinsa ba ya bukatar dila, ba ya sayen fistin a wurin kowa, mai saye ya san gidansa, idan kuma gaɓa ta saki shi ake mayar wa. Ta wannan fuska matsayinsa ya yi kama da na waɗancan ƙananan maƙera na Amurka da suka tsira ta hanyar yi wa mutum ɗaya aiki bisa oda.

Rauninsa ma irin nasu ne. Abin da ya kare shi daga manyan masana'antu shi ne kasuwar ba ta kai girman da za ta ja hankalinsu ba, kuma wannan ƙanƙantar ce take hana sana'ar ciyar da mai ita. Kakaki ɗaya yana daɗewa, fadoji ba su da yawa, don haka maƙerin yakan rayu ne da wasu ayyukan, kayan adon doki da zobba da gyare-gyare, kakaki kuma sai jefi-jefi. Yaron da ya tashi a maƙerar yana iya shekara bai ga an ƙera ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba, kuma ma'aunin tsawon kowace gaɓa da faɗin bakin busa a kan uban gidansa suke, ba a rubuce ba. Masarautun da suke amfani da kakaki su ne kaɗai masu sayensa, saboda haka su ne suke da ikon ba da odar sabo lokaci-lokaci ko da tsohon bai lalace ba, su kuma sa sharaɗin cewa yaran maƙerar su kasance a wurin lokacin da ake aikin.